Tsakanin Ruwa da Jirgi, a Bar Kwana Ɗaya

Jawabi ga 'yan kasuwa da iyalan Zangon Kumasi a kan nutso da hawa jirgin sama



Ina gaida masu martaba sarakunan Zango da limamai da malamai. Ina gaida shugabannin kasuwa maza da mata, da iyayenmu da 'yan'uwanmu da suka baro rumfuna da shaguna a Kejetia da Alabar da Aboabo da Asawase domin sauraro. Barin rumfa a ranar ciniki ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya mayar muku da alheri.

Maganar yau a kan nutso ce, wato shiga ƙarƙashin ruwa ana shaƙar iska daga tulun ƙarfe da aka goya a baya, ko daga tiyo da aka jona da inji a bakin ruwa, da kuma abin da kan biyo baya idan wanda ya yi nutson ya hau jirgin sama tun jikinsa bai sake ba. Abin da nake so kowa ya koma gida da shi guda ne: fitowa daga ruwa ba shi ne ƙarshen nutso ba. Jiki yana bukatar kwana ɗaya cur kafin ya gama fitar da abin da ya kwasa a ƙasan ruwa, kuma wanda ya hau jirgi kafin cikar wannan kwanan yana iya sauka da ƙafafun da ba sa ɗaukarsa.

Wa maganar ta shafa

Wani zai ce ina ruwan Kumasi da wannan, garin da ba shi da teku, babban ruwan da ke kusa da shi tafkin Bosomtwe ne? Amsar tana cikin tafiye-tafiyenmu. Kakanninmu sun bi hanyar goro da ƙafa da jaki, daga nan zuwa Salaga har Kano. Mu yanzu sarin kaya yana kai mu Dubai da Alkahira da Jidda, kuma a duk waɗannan wurare akwai masu tallan yawon ruwa a otal da bakin teku. Bahar Maliya na cikin wuraren nutso da suka fi shahara a duniya: a Jidda ana yi, a Sharm al-Shaikh da Hurgada na ƙasar Masar ana yi. A Dubai an buɗe wani wurin nutso a shekarar 2021, Deep Dive Dubai, mai zurfin mita 60, kuma ko wanda bai taɓa nutso ba ana iya shiga da shi ɓangarensa na sama. Amarya da ango suna zuwa Zanzibar. 'Ya'yanmu da ke aiki ko karatu a ƙasashen Larabawa da Turai suna zuwa hutu irin waɗannan wurare, sannan su hau jirgi su zo mana ganin gida.

A nan gida kuma akwai masu yin nutso don neman abinci. Akwai ƙwararru a tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi, da wuraren haƙar mai a teku, tun da aka fara fitar da mai daga rijiyoyin Jubilee a ƙarshen 2010. Akwai masu ciro ƙumbar ruwa a wajen Ada, inda kogin Volta ke shiga teku, da yawansu da injin buga iska suke shiga. Akwai kuma samarin da ke nutso a kogunan Ofin da Pra da Ankobra wajen aikin zinariya, riƙe da tiyo a baki. Cikin waɗannan duka akwai 'yan Zango, ko maƙwabtan 'yan Zango, ko abokan cinikinsu.

Abin da ruwa ke yi wa jiki

Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, tana danna jikinmu dare da rana, mun dai saba ne shi ya sa ba ma ji. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ya sauka zurfin mita 10 a teku, matsin da ke kansa ya ninka na bakin ruwa sau 2. A mita 20 ya zama sau 3, a mita 30 sau 4. Domin huhu ya iya buɗewa a ƙarƙashin wannan nauyi, dole iskar da mai nutso ke shaƙa ta zo masa da matsi daidai da na ruwan, don haka kowane numfashi a mita 30 yana ɗauke da iskar numfashi 4 na doron ƙasa.

Ita kuma iska iri-iri ce a gauraye. Kashi 21 cikin 100 oksijin ce, wadda jiki ke amfani da ita. Kashi 78 naitirojin ce, wadda jiki ba ya ƙona ta, tana shiga ta fita kawai. A ƙasan ruwa matsi yana tura wannan naitirojin cikin jini, daga jini ta ratsa tsoka da kitse da gaɓoɓi da lakka, ta narke a ciki kamar sukari a shayi. Gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon yawan wadda ta taru.

Masu sayar da lemon kwalba sun san sauran bayanin. Kwalba a rufe, ruwan cikinta lafiya lau yake, ba ka ganin kumfa ko ɗaya, alhali cike yake da iska. Ka sassauta murfi sannu a hankali, iskar ta fita ba ɓarna. Ka ɓalle shi farat ɗaya, kumfa ta taso ta zube. Haka jikin mai nutso yake. In ya hau sama sannu, ya kuma zauna a doron ƙasa na tsawon awoyi, naitirojin za ta koma huhu ta fita da numfashi kaɗan-kaɗan. In aka sauke matsin da gaggawa, sai ta zama kumfa a cikin jini da nama. Kumfar da ta tsaya a gwiwa ko kafaɗa tana kawo azabar ciwo. Wadda ta tsaya a lakka tana shanye ƙafafu, ta hana fitsari. Wadda ta kai ƙwaƙwalwa tana kama da shanyewar ɓarin jiki, wadda ta taru a huhu kuwa tana iya kisa. Wannan shi ne ciwon kumfar jini, ciwon masu nutso.

Ba sabon ciwo ba ne. Lokacin da ake gina gadar Burukilin a birnin Niyok na Amurka, wadda aka buɗe a 1883, ma'aikata suna haƙa a ƙasan kogi cikin manyan akwatuna da aka cika da iska mai matsi. Da yawa sun kamu, wasu sun mutu, shi kansa babban injiniyan aikin, Washington Roebling, ciwon ya nakasa shi har daga ɗaki ya ƙarasa kula da ginin. A 1908 wani masanin Birtaniya, John Scott Haldane, bayan gwaje-gwaje da awaki, ya fitar da jadawalin farko na yadda mai nutso zai riƙa hawa yana tsayawa. Galibin ƙa'idojin da ake koyarwa yau daga wannan tushe suka taso.

Abin da jirgi ke ƙarawa

Babban jirgin fasinja yana tafiya a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000. Ana cika cikinsa da iska domin fasinja su iya numfashi, amma ba a kai matsin daidai da na ƙasa ba. Zama a cikin jirgi kamar zama ne a kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, inda matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa kunne ke toshewa, ledar biskit da aka shiga da ita ta kumbura. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya fito daga ƙasan ruwa da safe, jikinsa cike da ragowar naitirojin, tashin jirgi buɗe murfin kwalba ne karo na biyu. Mutum yana iya fitowa daga ruwa garau, ya ci abinci, ya ɗaure kayansa, ya yi sallama da jama'a, sai jirgi ya lula sannan kafaɗa ta fara ciwo, ƙafa ta fara mutuwa.

Ku dubi inda abin zai same shi. Daga Dubai zuwa Ankara, babban birninmu, tafiyar kusan awa 8 ce, mai yawanta a saman hamada da daji. Maganin wannan ciwo ba ya cikin jirgi, kuma ba kowane garin da za a iya sauka ne ke da shi ba. Kowace awa da ta wuce da kumfa a lakka tana rage begen warkewa sarai.

Awa nawa za a jira

Akwai ƙungiyar likitocin nutso ta duniya mai suna Divers Alert Network, ana taƙaita ta DAN, wadda aka kafa a 1980 a Jami'ar Duke ta Amurka. Bayan gwaje-gwaje na shekaru, a 2002 aka tsayar da mafi ƙarancin lokacin jira kamar haka. Wanda ya yi nutso sau ɗaya tak, irin wanda ba ya bukatar tsayawar dole a hanyar hawa, ya jira aƙalla awa 12. Wanda ya shiga fiye da sau ɗaya a rana, ko ya yi kwanaki a jere yana shiga, ya jira aƙalla awa 18. Wanda ya yi zurfi ko ya daɗe har sai da ya tsaya tsayawar dole kafin ya fito, nasa jiran ya wuce awa 18 da nisa. Waɗannan awoyi na wanda ba ya jin komai ne a jikinsa, kuma su ne ƙasan farashi, ba a ragi a kansu.

Domin kada lissafi ya rikice, shawararmu ga kowa ita ce awa 24. Ana fara ƙirgawa daga lokacin da aka fito daga ruwa na ƙarshe zuwa lokacin da jirgi na farko zai tashi. Na ce jirgi na farko domin nan ake yawan kuskure. Wanda ya yi nutso a Sharm al-Shaikh kuma jirginsa na gida daga Alkahira zai tashi jibi, in zai shiga ƙaramin jirgi zuwa Alkahira yau da dare, wannan ƙaramin shi ne abin lissafi. Haka jirgin Takoradi zuwa Ankara, ko na Ankara zuwa filin jirgin Prempeh na nan Kumasi. Gajartar tafiya, ko da minti 40 ce, ba ta hana jirgi hawa sama.

Kada kuma tsoro ya wuce gona da iri. Wanda ya yi wanka ko iyo a Bosomtwe ko a bakin teku, ko ya kwanta a saman ruwa da gilashin fuska da ɗan bututun numfashi yana kallon kifaye, bai shaƙi iska mai matsi ba, yana iya hawa jirginsa a ranar. Dokar ta wanda ya yi numfashi ne a ƙarƙashin ruwa, daga tulu ko daga tiyo, a teku ne, a kogi ne, ko a wurin nutso da aka gina a cikin gari.

Tudu ma yana yin aikin jirgi

Jiki bai san bambancin jirgi da mota ba, raguwar matsi kawai ya sani. Masu zuwa Umara da yawa suna ƙarawa da ziyarar Ɗa'ifa, garin da ke kan tsauni mai tsayin fiye da mita 1,800. Wanda ya yi nutso a Jidda da safe ya hau motar Ɗa'ifa da yamma, daidai yake da wanda ya shiga jirgi. A Masar ana ɗaukar baƙi daga bakin teku zuwa Dutsen Musa a yankin Sina, tsayinsa ya kai mita 2,285, kuma da dare ake hawansa. A Dubai masu wurin nutson nan da kansu suna gargaɗin baƙinsu kada su hau saman benen Burj Khalifa sai bayan awa 18 zuwa 24. Masu biyowa ta Adis Ababa kuma su sani cewa garin kansa yana sama da mita 2,300, don haka saukar da za a yi a can don canjin jirgi ba ta mayar da jiki cikin matsin bakin teku. In ana son a haɗa tudu da ruwa a tafiya ɗaya, a fara da tudun.

Yadda za a tsara tafiya

Al'adarmu ta 'yan kasuwa ita ce ke jefa mu cikin wannan haɗari. Mukan fara da abin da ya kai mu: a zaga kasuwa, a yi ciniki, a ɗaure kaya, a miƙa wa masu kago. Sai an gama, ranar ƙarshe, hankali ya kwanta, sannan a ce bari a ɗan huta a ga gari. Ranar da ta fi dacewa da hutu a lissafin kasuwa ita ce ranar da ta fi muni ga nutso. Ku juya tsarin. In za a shiga ruwa, a shiga a tsakiyar tafiya, a bar ranar ƙarshe ga tsaraba da ɗaurin kaya. Misali, in jirgi zai tashi ƙarfe 10 na safiyar Lahadi, to daga ƙarfe 10 na safiyar Asabar an gama da ruwa, gara ma a ce Juma'a ce ranar nutso ta ƙarshe.

Ranar isowa ma ba ranar nutso ba ce. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, mutum yakan sauka da ƙishirwa da gajiya da rashin barci, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara haɗarin ciwon. A huta kwana ɗaya, a sha ruwa sosai. Saboda wannan dalili, mai azumi ya ɗaga nutsonsa zuwa bayan salla.

Kafin ku biya kuɗi, ku yi wa mai wurin tambayoyi kamar yadda kuke bincika kaya kafin saye. Mai koyarwar yana da takardar shaida? Akwai tulun oksijin na gaggawa a cikin kwalekwalen? Ina ne ɗakin matsi mafi kusa? Ku gaya masa ranar jirginku da lokacinsa. Wurin kirki shi zai fara tambayarku, ya kuma ba ku takardar tambayoyin lafiya ku cika. Wanda ya ce ba komai, shiga kawai, kuɗinku yake so. Ɗan koyo na ranar farko ba a wuce mita 12 da shi, mai takardar matakin farko kuma iyakarsa mita 18. Ana hawa sannu, kimanin mita 9 a minti ɗaya, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Ba a riƙe numfashi a hanyar hawa ko kaɗan, domin iskar da ke huhu tana kumbura, tana iya yaga shi ko daga zurfin mita 2. Ku kuma sani katin inshorar lafiyarmu na ƙasa ba ya biyan magani a ƙasar waje, wasu inshorar tafiya kuma sun cire nutso daga abin da suke biya, sai a karanta kafin a sa hannu.

Alamomin da iyali za su lura da su

Iyayena mata, wannan ɓangaren naku ne, domin ku kuke tarbar matafiyi, ku kuke ganin abin da yake ɓoyewa. Galibi alamomin suna fitowa cikin awoyin farko bayan nutso, kusan duka cikin awa 24, amma jirgi yana iya tayar da wanda ya kwanta. Ga su: ciwo mai nuƙurƙusa a kafaɗa ko gwiwar hannu ko gwiwa, wanda ba buguwa aka yi ba kuma canza kwanciya ba ya rage shi, ƙaiƙayi da jan zane-zane ko shuɗi-shuɗi a fatar ciki da ƙirji, mutuwar hannu ko ƙafa, ko jin kamar tururuwa na tafiya a jiki, raunin ƙafafu da tangaɗi, ciwon da ya ɗaure ƙugu kamar ɗamara, kasa yin fitsari, jiri da amai da ƙarar kunne, gani dishi-dishi, harɗewar harshe, ruɗewa, gajiyar da ta wuce misali, ciwon ƙirji da tari da sarƙewar numfashi.

Kun ji da kanku yadda waɗannan suke kama da abubuwan da muka saba. Za a ce gajiyar hanya ce, a kawo man zafi. Za a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika kemis. In ƙafa ta mutu za a ce sanyi ne, ko an yi masa jifa, ko ya gamu da mutanen ruwa. Kwana biyu ko uku su tafi a haka, alhali awoyin farko su ne masu daraja. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: ka shiga ƙarƙashin ruwa da tulu ko tiyo cikin kwana biyun nan? In ya ce i, a ɗauka ciwon ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Addu'a tana tafiya tare da mu a cikin motar asibiti, ba ta ce mu zauna gida ba.

Abin da za a yi

A kwantar da shi a miƙe. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwa. A kira 112, ko a kai shi sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Ji, ko babban asibiti mafi kusa. Da isa a gaya wa likita kai tsaye cewa ya yi nutso da iska mai matsi, a faɗi ranar, da zurfin, da yawan shigar, da lokacin da ya hau jirgi. Likitan da ke nesa da teku ba lallai tunaninsa ya je nan ba in ba a faɗa masa ba. Taimakon farko shi ne oksijin zalla ta abin rufe fuska, ba tare da yankewa ba. Ko alamomin sun lafa bayan an sa oksijin, ba a sallami kai ba, domin suna iya dawowa.

Cikakken magani shi ne ɗakin matsi, wani ɗaki na ƙarfe kamar tankin mota, inda ake mayar da majiyyaci cikin matsi irin na zurfin mita 18 yana shaƙar oksijin, kumfar ta ƙanƙance ta narke, sannan a sauke matsin sannu a hankali. Zama ɗaya yakan kai kusan awa 5, wani kuma sai an maimaita masa. Asibitoci kaɗan ne ke da irin wannan ɗaki, likita ne zai nemo inda yake. Ƙungiyar DAN tana da layin gaggawa dare da rana, +1 919 684 9111, likita ko ɗan'uwa mai jin Turanci yana iya kira a ba shi shawara.

Abubuwa huɗu ne ba a yi. Ba a mayar da shi ruwa wai don kumfar ta koma, yana iya suma ya nutse. Ba a gasa masa jiki da ruwan zafi ko a yi masa tausa mai ƙarfi. Ba a yi masa tsaga ko ƙaho. Ba a kuma sa shi a jirgin fasinja. In alamar ta fito tun a otal ko a filin jirgi, a fasa tafiyar, a nemi asibiti a can. Tikiti yana da tsada, na sani, ga kaya suna jira a Tema, ga masu bashi. Amma kuɗin canza tikiti ciniki ɗaya ne ke mayar da shi, wanda kuwa ya rasa ƙafafunsa ya rasa kasuwar gaba ɗaya. In a cikin jirgi abin ya fara, a gaya wa ma'aikatan jirgin nan take, a ce an yi nutso, a nemi oksijin. Bayan magani ma ba a hawa jirgi sai likita ya ba da izini, sau da yawa bayan kwana 3 ko fiye.

Waɗanda ya kamata su haƙura

Mai sikila kada ya yi nutso. A Gana kusan jarirai 2 cikin 100 da ita ake haihuwarsu, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995 ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, don haka samarinmu da yawa sun san matsayinsu. Sanyin ruwa da wahala da ƙishirwa suna tayar da ciwon, kuma zafinsa a gaɓoɓi yana rikicewa da na kumfar jini. Mai rukunin AS ya tuntuɓi likita tukuna. Mace mai ciki kada ta shiga, domin kumfa tana iya isa ga ɗan tayi. Mai farfaɗiya kada ya shiga. Mai asma, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, da mai ciwon zuciya ko hawan jini ko ciwon sukari, sai likita ya duba ya amince. Mai mura ya bari ta warke, in ba haka ba dodon kunne yana iya fashewa.

'Ya'yanmu masu nutso da inji

Masu yawon hutu suna shiga na minti 30 ko 40 da mai koyarwa a gefensu. Samarin da ke kogi suna yin awoyi a ƙasa, kullum, babu agogon zurfi, babu jadawali, ruwan kuma laka ce ba a ganin tafin hannu. Jikinsu ya fi na kowa tara naitirojin, don haka awa 24 ita ce mafi ƙarancin abin da za su jira, kwana 2 ya fi. Sau da yawa wanda ya tara kuɗin tafiya waje yakan yi aiki har jajibirin tashinsa domin ya cika guzuri. Iyaye, ku hana wannan. Ya baro kogi kwanaki kafin ranar jirgi.

Akwai haɗari na biyu. Injin buga iska irin na masu facin taya ba a yi shi don numfashin mutum ba. Yana turo tururin mai cikin huhu, in kuma bakin da yake zuƙar iska yana kusa da salansa, yana turo gubar hayaƙi wadda ba ta da wari, mutum ya sume a ƙasa ba wanda ya sani. A nesanta bakin zuƙar iska daga hayaƙi, a sa shi ta inda iska ke kaɗowa. A bar mutum ɗaya a sama wanda ba shi da wani aiki sai kula da inji da tiyo. In iska ta yanke, mai nutso ya hau yana fitar da numfashi.

Na san wasu daga cikin ayyukan nan doka ta hana su, kuma tsoron hukuma yana sa a kawo yaro asibiti a ce faɗuwa ya yi. Hukunci aikin kotu ne, likita magani yake yi, kuma ba zai iya maganin abin da aka ɓoye masa ba. Ku faɗi gaskiya a ɗakin likita ko da ba ku faɗe ta a waje ba.

Abin da za a riƙe

Jama'a, ga abin da nake roƙo ku kai gidajenku da ƙungiyoyinku na kasuwa, ku kuma aika wa 'yan'uwa a Tamale da Lome da Wagadugu da Yamai da Kano, domin jiragen da muke hawa ɗaya ne. Bayan nutso, awa 24 kafin jirgi ko tsauni. Ranar ƙarshen tafiya ta kasuwa ce. Matafiyin da ya dawo da ciwon gaɓa ko mutuwar ƙafa ko jiri, a tambaye shi ko ya shiga ruwa. In ya shiga, a kai shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita, a nemi oksijin. Hausawa suna cewa tafiya sannu sannu kwana nesa, kuma jiran kwana ɗaya bai taɓa karya jarin kowa ba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo mana da su lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.  Mai tambaya, ga fili.